Tsaiko, Tanka da Jinka: Yadda Ake Lanƙwasa Gora da Tsumagiya Su Zama Rufi

Idan ka tashi daga Kwanar Ɗangora ka kama hanyar da ta ratsa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore ta nufi Doguwa da Saminaka, abin da idonka zai fi gani a ƙauyukan bakin titi shi ne kwano. Duk wanda ya sayar da masara ko shinkafa burinsa ya kwashe ciyawa ya buga kwano, kuma ba mai ganin laifinsa. Amma leƙa bayan gidajen. Rumbun hatsi, runfar shan iska, ɗakin kaji, ɗakin ajiyar albasa, har yanzu jinka ce a kansu. Abin da ke damuna shi ne masu ɗaura ta suna tsufa, matasa kuwa da yawa sun ɗauka aikin bai wuce a tara kara a ɗaɗɗaure ba. Shi ya sa za ka ga rumbun da aka rufe a watan Janairu ya karkace tun kafin ruwa ya zauna.

Rufin jinka ba shi da ƙusa ko ɗaya, ba siminti, ba ƙarfe. Abin da ke tsayar da shi gaban iskar bazara shi ne kowane sashe nasa yana iya lanƙwasawa kaɗan ya dawo mazauninsa. Gora ta rusuna ta miƙe, tanka ta matsu ta buɗe, igiya ta ɗan ja ta koma. Sashen da ya bushe ƙamas kafin a ba shi siffarsa, a nan rufin zai karye. Don haka sana'ar gaba ɗayanta sanin lokaci ce: yaushe abu yake da taushin da zai karɓi lanƙwasa, yaya ake maido masa da taushin idan lokacin ya wuce, kuma yaya ake ɗaure shi ya bushe a siffar da ake so.

A kudancin Kano maganar ta fi nauyi. Ruwan da ke sauka a Doguwa da Tudun Wada yakan haura milimita 1,000 a shekara, damina tana riga ta birni faɗuwa, kuma hadarin farko a gindin duwatsun Riruwai da iska mai ƙarfi yake zuwa. Rufin da zai daɗe a Ɗambatta ko Kunci, a nan sai ya ruɓe da wuri idan bai yi tsini sosai ba.

Sassan rufin uku ne. Tsaiko shi ne ƙashinsa, wato sandunan da suka tashi daga bakin bango suka haɗu a ƙololuwa. Tanka ita ce zobban da ke zagaye sandunan suna riƙe su. Jinka ita ce ciyawar da aka yanta aka baibaye su da ita. Igiya ce ke haɗa ukun.

Sandunan tsaiko

Gora ta fi komai. Gorarmu ta wannan ƙasa tana da kaurin jiki, wata ma kusan ba rami a cikinta, ga ta ba nauyi, ga ta tana rusunawa ba ta karyewa. Amma ba kowace ake sara ba. Sabuwar gora, mai shekin kore wadda har yanzu take da riga a gaɓoɓinta, ruwa ne da zaƙi cike da ita. Tana bushewa za ta yamushe, ƙwaro ya shige ta, ka wayi gari gari yana zubowa daga rufi kan hatsinka. Nemi wadda ta kai shekara 3 ko fiye, wadda launinta ya dushe, rigarta ta zube. Ƙwanƙwasa ta da bayan adda: tsohuwa tana amsawa da ƙara mai kaifi, sabuwa kuwa a dakushe. Sare ta da rani, kusa da ƙasa, daidai saman gaɓa, don kada kututturen ya riƙe ruwa ya ruɓar da gindin da zai sake tofo maka wata.

Sai a kai ta ruwa. A ɗaure ta dami-dami, a danne da duwatsu a kududdufi ko gefen rafi, ta yi mako 3 zuwa 4. Ruwan yana janye zaƙin da ƙwaro ke bi. Mutanen Bebeji da ke kusa da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba su da uzurin rashin ruwa ko a tsakiyar rani. Idan an tsamo ta za ta yi wari, kada ya dame ka. A shanya ta a inuwa, a kwance, a ɗora ta kan itace kada ta taɓa ƙasa. Rana mai zafi tsaga ta take yi.

Batun inda za a saro ta kuwa, dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 tsakanin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, gandun gwamnati ne, ba a shiga sara sai da izini. Haka dajin Ɗansoshiya a Kiru. Mai son zaman lafiya ya saya a kasuwa. Wanda kuma yake da gona a bakin rafi, shawarata ya tsago gindin gora da saiwarsa ya dasa a farkon damina. Cikin 'yan shekaru zai daina saye, har ya sayar.

Inda ba gora, gwangwala tana aiki, ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai ba ta kai gora ƙwari ba. Ƙaramin rufi kamar na rumbu, karan dawa ma ya isa idan an haɗa uku-uku ko huɗu-huɗu an naɗe su da igiya. Sandunan turare da suka cika kasuwa yanzu miƙaƙƙu ne, amma suna da nauyi, kuma kan bangon ƙasa nauyi ba abin so ba ne. In za ka yi amfani da su, zaɓi sirara.

Gora takan zo da ɗan karkata. Ba a jefar da ita, gasa ta ake yi. Hura garwashi, ba harshen wuta ba. Riƙe wurin karkatar a sama da shi kana juyawa a hankali, har ka ga jikinta ya fara gumi, wani maiƙo yana fitowa yana sheƙi. Lokacin ke nan. Sa ta tsakanin rassan bishiya biyu ko ka taka da ƙafa, ka matsa a hankali har ta ɗan wuce miƙewar da kake so, domin za ta ɗan koma. Kana riƙe da ita wani ya shafa mata jiƙaƙƙen tsumma. Da ta huce ta zauna ke nan. Idan gorar mai rami ce, huda gaɓar da ƙusa kafin gashi, don iskar da ke kulle a ciki tana iya fasa ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zaren itace yana manne da juna da wani irin danƙo na halitta, wanda zafi da laima ke sassautawa, sanyi da bushewa kuma su ƙagar da shi. Da wannan sanin ne wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, ya fito da shahararriyar kujerarsa a birnin Biyana a 1859: ya turara itace da tururi, ya lanƙwasa shi a jikin ƙarfe, ya bar shi ya bushe. An sayar da miliyoyinta. Abin da tsoho yake yi da garwashi da tsumma a Karefa ko Burji, ilimin ɗaya ne.

Tanka, inda gwani yake bayyana

Tsaiko kowa yana iya jerawa. A tanka ake gane hannu. Ana buƙatar tsumagiya doguwa, mai kaurin babban yatsa ko ƙasa da haka, wadda za ta zagaya ta zama zobe ba ta tsage ba. Geza ce kan gaba, wadda masu saƙar kwando suka sani, tana fitowa a fako da gindin duwatsu. Sabara tana yi, tofon tsamiya yana yi, haka tsagaggiyar gora. Zogale da karan rogo kuwa ko kusa, taɓa su ka ji ƙaras. Tofon da ya fito daga kututture ya fi reshen tsohuwar bishiya, domin ya tashi a miƙe, ba kulli da yawa a jikinsa.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma a daji ake yin sa kafin a ɗauko kaya. Yanki guda, ka naɗe ta a dantsenka. Idan ta zagaya ba ƙara, irinta kake nema. Idan bayanta ya tashi da tsage-tsage, bar wannan gindin ka yi gaba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Sai dai mai tanka ya san abin da karin maganar bai faɗa ba: ɗanyen icce yana ramewa. Tsumagiyar da ka sara da safe ka ɗaure da rana, cike take da ruwa. Bayan mako biyu za ta rame, igiyar da ka ja iya ƙarfinka ta yi sako-sako, tsaikon ya fara rawa. Yawancin rumbunan da ke karkacewa, wannan ne ciwonsu. Maganin shi ne a bar tsumagiyar ta sha iska a inuwa kwana 3 zuwa 5, ta rage ruwa amma ba ta mutu ba. Idan kuma ta riga ta bushe, ba asara: a nitsar da ita cikin ruwa kwana biyu zuwa mako guda, gwargwadon kaurinta, a tsamo a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ta kwana. Wadda ta bushe aka sake jiƙawa ta ma fi, domin ta gama ramewarta, ba za ta sake sakin igiya sosai ba.

Lanƙwasawar kanta ba a yin ta lokaci ɗaya. Kama tsumagiyar da hannu biyu, ɗora ta a gwiwa, matsa kaɗan, matsar da ita gaba kamar faɗin tafin hannu, sake matsawa, haka har ƙarshe, sannan ka dawo daga farko ka ƙara. Kana koya mata hanya ne. Wanda ya kama bakin nan da bakin can ya haɗa da ƙarfi, duk wahalar za ta taru wuri ɗaya, can za ta karye. Gindi ya fi taurin kai, shi za a fi ba lokaci. Ka kuma lura cewa idan icce ya lanƙwasa, cikinsa matsewa yake, bayansa kuwa ja yake, kuma ta baya yake yagewa. Saboda haka duk wani kulli, ko tabon da adda ta bari wurin share rassa, juya shi ya kalli ciki ko gefe. Kada ka fere bayan tsumagiya don ta yi kyau. Zaren da ke riƙe ta ke nan ka yanke.

Na taɓa tsayawa a wata ruga a gefen daji, ina kallon wata dattijuwar Bafulatana tana kafa bukka da jikarta. Sun kafe tsumagiyoyi a zagaye, kowace da abokiyarta a ɗaya gefen. Yarinyar ta kamo kan guda za ta fizgo shi ƙasa, sai tsohuwar ta riƙe mata hannu. "A'a, 'yar nan, bi ta daga ƙasa." Ta sa tafin hannunta a gindin, ta riƙa shafowa sama tana dannawa kaɗan-kaɗan, tsumagiyar tana biyo ta har ta sadu da 'yar'uwarta a tsakiya. Ta murɗe kawunan biyu da juna, ta sake su, suka zauna ba igiya. Ban ga wanda ya bayyana aikin nan da baki fiye da yadda hannun matar ya nuna shi ba.

Tanka ɗaya ba tsumagiya ɗaya ba ce. Ana haɗa uku zuwa biyar, gindin wannan ya hau kan wancan, kada mahaɗa biyu su faɗo wuri ɗaya, a bi su da igiya a naɗe. Ta ƙasa, wadda za ta zauna kan bango, ita ce uwa, a yi ta da kaurin dantse. Don ta fito da'ira sosai, kafa turke a fili, ɗaura igiya mai tsawon rabin faɗin ɗakin, zana da'ira a ƙasa, kafa 'yan turaku a kan zanen, ka lanƙwasa tankar a jikinsu. Bar ta ta kwana a nan.

A nan ya kamata a ambaci azara, don kada wani ya ruɗe. Azarar giginya ba ta lanƙwasuwa, ƙarfinta a taurinta yake, shi ya sa take ɗaukar rufin ƙasa. Ko bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a masallacin Juma'a na Zariya a wajejen shekarun 1830, ba lanƙwasa azara ya yi ba. Guntaye ya jera, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa, aka ɗaure aka lulluɓe da ƙasa. Wannan sana'ar magina ce. A rufin jinka azara ba ta da gurbi sai dai a ginshiƙi.

Igiya

Rama ce ta fi. A jiƙa karanta a ruwa mako ɗaya zuwa biyu, a saɓule zaren, a wanke, a shanya, a tufka. Ɓawon kalgo ma igiya ce mai ƙarfi, a sale shi daga tofo, a shanya, ranar aiki a jiƙa. Kaba tana yi wa yanta kyau. Ɓawon kuka yana da ƙarfi, amma ban so a riƙa sale kuka saboda rufin rumbu, bishiyar ta fi haka daraja. Kowace iri ce, da laima ake ɗaura ta; busasshiyar igiya a kulli take tsinkewa.

Igiyar leda da zaren buhu sun shigo, kuma ba zan ce haramun ba ne. A ƙarƙashin ciyawa, inda rana ba ta gani, suna daɗewa. A waje kuwa rana tana cinye su, damina ɗaya sai su zama gari, ga santsi a jikin gora. Waya ta fi muni: ba ta ja ba ta komawa, duk lokacin da iska ta girgiza rufin sai ta ƙara cin jikin gorar, har ta yanke ta.

Ciyawa da yanta

Da kaka ake yankan ciyawar rufi, tsakanin Oktoba da Nuwamba, bayan ta ƙosa ta zubar da 'ya'ya, kafin wutar daji ko shanu su riga ka. Shuci da tofa sun fi kwanciya su hana ruwa. Gamba doguwa ce mai kauri, ta fi dacewa da zana, amma sirarinta yana shiga rufi. Ciyawar nan tana ƙaranci, kuma mu muka jawo: maganin feshi ya cinye gambar da kakanni suka bari a kan iyakar gona. Mai son rufi ya bar wa iyakarsa ciyawarta.

A shanya ta ta bushe sarai, a karkaɗe, a taje da yatsu ko da tsinken itace a fitar da ganye da guntaye, domin su ne ke riƙe ruwa su fara ruɓa. Sannan a yanta: a shimfiɗa igiya biyu, a riƙa ɗaukar ciyawa cikin hannu, gindi duk gefe ɗaya, ana harɗe igiyoyin a kanta kamar ɗani ɗaya ko biyu daga kai, har ta zama doguwar shimfiɗa, a naɗe ta gammo-gammo. Matsalar ita ce aikin yana faɗowa cikin hunturu, lokacin da laimar iska a ƙasar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ciyawa tana taɓuwa tana karyewa. Yayyafa mata ruwa da daddare, rufe da buhu, fara aiki bayan asuba, ka tsaya idan hantsi ya ɗaga. Yayyafi na ce, ba jiƙawa ba. Ciyawar da aka naɗe da ruwa a cikinta za ta yi fumfuna tun kafin ta hau rufi.

Haɗa tsaiko

A ƙasa ake haɗa shi, kusa da ɗakin. Ka'idar tsini guda ce: tsayin ƙololuwa daga bakin bango kada ya gaza rabin faɗin ɗakin. Ɗaki mai faɗin mita 4, ƙololuwarsa ta tashi mita 2 ko fiye. A Doguwa ni zan ƙara, in kai mita 2 da rabi. Da wannan lissafin kowace gora za ta kai wajen mita 3 da rabi zuwa 4, har da abin da zai zarce bango ya kare shi daga ruwa, wanda bai kamata ya gaza kamu ɗaya ba. Kewayen irin wannan ɗaki ya ɗan haura mita 12 da rabi, don haka idan za a bar ɗani biyu tsakanin sanda da sanda a ƙasa, a tanadi gora wajen 30 zuwa 35. Mutane suna rage tsini don su rage kuɗin gora da ciyawa. Arha ce mai tsada, don ruwa yana jinkiri a kan kwantaccen rufi, yana jinkiri kuwa zai shiga.

Kafa sanda a tsakiyar da'irar da ka zana, mai tsayin ƙololuwar, ta zama jagora. Fara da gora huɗu mafi ƙarfi, gabas da yamma, kudu da arewa, gindi a ƙasa, kawunansu su harɗe a sama a ɗaure. Ƙara huɗu a tsakaninsu. Ɗaura uwar tanka, sannan ƙaramar tanka can kusa da ƙololuwa. Sauran sandunan ba sai sun kai sama duka ba, in ba haka ba ƙololuwar za ta cunkushe; wasu su tsaya a tanka ta biyu ko ta uku daga sama. Daga nan a bi da sauran tankunan daga ƙasa zuwa sama, kamu ɗaya tsakaninsu ko ƙasa da haka. Na saman su ne masu wuya, don da'irar ta ƙanƙance. Ajiye musu tsumagiya mafi siriri da taushi, ko ka murɗe ta tukuna har zarenta ya saki.

Ɗaurin kada ya zama kulli ɗaya-ɗaya. Doguwar igiya ake ɗauka, a naɗe mahaɗar gora da tanka a gicciye, a ja, a wuce ta gaba da igiyar ba a yanke ba. Haka rufin yake zama jiki ɗaya, abin da ya taɓa nan sai ko'ina ya ɗauka. Idan an gama, kama uwar tanka ka ɗaga gefe ɗaya ka girgiza. Tsaiko mai kyau zai motsa gaba ɗayansa ya dawo, ba ƙara. Idan ka ji ƙiƙi-ƙiƙi, akwai ɗaurin da ya saki, nemo shi yanzu. Bar tsaikon ya yi kwana biyu ko uku, ka sake bin igiyoyin ka ƙara ja.

Baibaya da ɗorawa

Ƙaramin rufi ana baibaye shi a ƙasa a ɗaga gaba ɗaya. Babba kuwa a ɗora tsaikon tukuna, a hau a baibaye, don ciyawa nauyi gare ta. Ko ta yaya, daga ƙasa ake farawa, gindin ciyawa yana kallon ƙasa. Zagayen farko a ninka shi biyu, shi ne bakin jinka, shi iska ke fara kamawa. A riƙa warware yantar ana zagayawa ana hawa, kowane zagaye ya rufe igiyar na ƙasansa sarai, ya sauko ya lulluɓe fiye da rabinsa. Igiyar da ido ya gani daga waje, ruwa ma ya gan ta. Ana tafiya ana ɗinke yantar da tanka: mutum ɗaya a waje, ɗaya a ciki, suna miƙa wa juna igiya da doguwar basilla ta itace ko ta ƙarfe. Na ciki shi ne mai ido, duk inda ya hango haske ya ce a ƙara.

A ƙololuwa a tattara kawunan ciyawar a ɗaure tam, a ɗora wani dami a kife a kai kamar malfa, a sake ɗaurewa. Wasu suna kifa tsohuwar tukunya ko kwano a sama, kuma dabara ce mai kyau, don ta nan yoyo ya fi farawa.

Ɗagawa aikin gayya ne, a kira maƙwabta da safe kafin iska ta tashi. Mutane su zagaye, kowa ya kama uwar tanka, ba bakin ciyawa ba, biyu ko uku su shiga ciki da sanduna masu gwafa. Murya ɗaya ake bi, ta babban da ke wurin. In ya ce "Bismillah, ku ɗaga," a ɗaga tare. In ya ce "Ku dakata, na yamma su matso," a dakata. Za ka ga rufin ya ɗan lotsa ya zama kamar zai wargaje, sannan ya koma da'irarsa yana sauka kan bango. Tsaikon da aka buga da ƙusa a daidai nan yake tsagewa.

Kada a tashi a ce an gama. Iska ba ture rufi take yi kawai ba, ɗaga shi take yi, kamar yadda take yaye kwano ta kai shi gonar wani. Siffar jinka tana taimako, da yake zagayayya ce iska tana zamewa ta gefe, wata kuma ta ratsa ciyawar ta wuce. Duk da haka sai an ɗaure uwar tanka da bango. Idan ginin sabo ne, a binne guntayen itace a jikinsa tun ana gini, kamu ɗaya ƙasa da baki, a ɗaura igiya a kansu. Idan tsoho ne, a kafa gwafanni huɗu ko shida a waje a ɗaure da su. Daga sama kuma a zagaya jinkar da igiya biyu ko uku, ɗaya kusa da baki, ko a jefa mata ragar igiya mai faɗin ido.

Aibin jinka wuta ne, kuma ba a wasa da shi. Gambar nan tamu da aka kai arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, yau ta zame musu annoba saboda zafin gobarar da take haddasawa. A nisanta rumbu da madafa, a share ciyawa da bunu a kewayensa kafin hunturu, kada wayar lantarki ta bi ta cikin rufin. Gara kuma ta bango take hawa, a riƙa duba jikinsa ana kankare hanyarta.

Duk shekara, kafin ruwan farko, a hau a duba ƙololuwa da gefen gabas, inda hadari ya fi duka. Inda ciyawa ta zaizaye ba sai an kwashe duka ba, a cusa sabuwar yanta ƙarƙashin zagayen da ke sama a ɗinke. Idan lokacin sauya jinkar gaba ɗaya ya yi, a sauke bunun a kai gona ko a kwaɓa ƙasar gini da shi, a bi tankunan ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wadda aka matsa ta motsa ta dawo, a bar ta. Wadda ta yi ƙara ko ta zubo da gari, a kwance ta a sa sabuwa, a sabunta igiyar duk mahaɗan da ke kusa da ita kafin sabuwar ciyawa ta hau.